Rulma ta Huɗu

Kwana biyar ke nan garkar Ismaghil ba ta sha ruwa ba. Garkar tana bakin wani kori ne, wato busasshen rafi, a ƙasar Dannet, inda mahaifinsa ya haƙa rijiya tun kafin a haife shi. Albasa ta fara kwantar da ganye, tumatir yana zubar da fure, 'yan itatuwan lemo takwas da ya dasa bara kuma sun naɗe ganyensu. Ruwa yana nan cikin rijiya, in ka leƙa har fuskarka kana gani. Abin da ke ɗago shi ne ya ƙi.

Ga yadda abin yake. Inji yana jan igiyar roba, igiyar tana juya wani babban faifan ƙarfe da ake kira puli, pulin kuma yana juya pompo mai turo ruwa sama. Gindin pulin yana zaune ne a kan rulma, wato zoben ƙarfe mai 'yan ƙwallaye a ciki, wanda ke sa abu ya juya da santsi. Rulma ɗaya takan yi shekaru tana aiki. A garkar Ismaghil uku suka farfashe cikin wata biyar.

Ya shigo Arlit neman ta huɗu. Muktari makanike, mutumin Tawa da ya shekara ashirin a garin, ya zaro ta daga ƙarƙashin tebur, ya goge ta da bakin riga, ya riƙe bai miƙa ba.

"Direba, mi kake yi da su ne? Da shayi kake haɗawa?"

"Kai za a tambaya," in ji Ismaghil. "Kai ke ɗaura su."

"Ni hannuna lafiya lau yake. To ka ji: wagga ita ce ta ƙarshe a garin ga. Na zagaye kasuwa kaf. In ta mutu sai an aiko daga Agadas, mako uku in an yi sa'a."

Ismaghil ya karɓi rulmar. Ya san albasarsa ba za ta kai mako ɗaya ba. Yana tsaye yana kallon 'yan kabu-kabu suna wucewa, sai Injiniya Balki ta faɗo masa a rai.

Kafin ya koma garkar mahaifinsa, shekara goma sha ɗaya ya yi yana tuƙa kar, wato babbar motar da ke kai ma'aikata mahaƙar yuraniyom. Kujerar da ke bayan direba ta Injiniya Balki ce, kowa ya sani. Wata safiya, mota cike da maza sittin suna gardamar ƙwallo, ta taɓa bayan kujerarsa ta ce, "Malam Ismaghil, in mun isa ka sa a duba ƙafar baya ta hagu, ta ciki." Shi bai ji komai ba, ga shi kuwa hannunsa ke kan sitiyari. Don kunya kawai ya kai motar gareji. Da aka kwance ƙafar, sai ga rulma ta tsage, saura kaɗan ta watse a kan hanya. Tun ranar yake kallonta da wani irin kwarjini. Masu shiga ƙarƙashin ƙasa kuma sun sha ba shi labari. Akwai manyan fankoki da ke tura musu iska can zurfin da ya wuce gaba ɗari, kowace ta fi ɗaki girma. Ita ke kula da su. Takan ɗora wata sandar ƙarfe a jikin fanka, ta sa kunne, ta ce a canza kaza kafin kwana arba'in. In an buɗe, yadda ta faɗa haka ake tararwa.

Ya same ta a gida, shekara biyu da yin ritaya, tana zaune a inuwar rumfa. A gabanta akwai faifai cike da mazarai, irin na kaɗin auduga, kowanne da gululunsa na yumɓu, wasu da zane wasu babu. Sun fi arba'in. Bayan gaisuwa ta lura da inda idonsa yake.

"Tarawa nake yi," ta ce. "Wannan na kakata ne. Wancan daga Tasawa, wancan wata tsohuwa ta ba ni a Iferwan. Wasu suna tara tsuntsaye, ni abin da ke juyawa nake so. Zauna ka faɗa mini."

Ya faɗa mata. Ba ta katse shi ba sai da ya kai aya, sannan ta shiga tambaya ɗaya bayan ɗaya. Shekara nawa injin? Uku. Kafin wata biyar ɗin nan ya taɓa cin rulma? Ko sau ɗaya. An matsar da shi daga inda yake? A'a. An canza igiya, ko puli, ko dakalin da yake kai? A'a.

"To me ya canza wata biyar da suka wuce?"

"Madam, wallahi ba abin da ya canza."

Ta yi murmushi. "Shekara talatin ina jin amsar nan. Kada a ɗaura rulmar sai ina wurin. Ka gaya wa Muktari ya shirya, gobe bayan asuba."

Su uku suka kama hanya a tsohuwar motar kaya ta Muktari. Suka bar tsibin duwatsun mahaƙa a baya, waɗanda baƙo kan ɗauka tuddai ne na Allah, rana tana fitowa a gabansu ta bayan duwatsun Abzin. Muktari ba ya iya tuƙi shiru.

"Hajiya, gaskiya ne wai har ƙasar waje kika tafi don ki koyi sauraren ƙarfe?"

"A Damagaram na koya," in ji ta. "Babana injin niƙa gare shi, ɗakinmu kuma bango ɗaya ne da shagon. Ina 'yar shekara tara nakan ce, Baba, faifan niƙa ya dakushe. Ya ce in tafi in wanke kwanoni. Bayan kwana biyu mata su fara dawo da gari suna faɗa. Daga baya ya daina korata."

Ta ba su sauran a taƙaice, kamar mai karanta labarin wani. Lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, jami'a a Yamai, ita kaɗai mace a ajinsu. Sannan shekara biyar a ƙasar waje tana bincike a kan abu guda: karkarwar injuna masu juyawa, da yadda za a san ciwon inji daga karkarwarsa tun bai kwanta ba. Da ta dawo ta yi shekara huɗu a tashar lantarki ta Cirozerin, mai aiki da gawayin ƙasa, sannan ashirin da shida a Arlit.

"Shekara biyar a kan karkarwa kawai!" in ji Muktari. "Ni da na yi zaton sanda ce mai asiri."

"Can akwai na'urori, su zana maka karkarwar a takarda, ka zauna da lissafi. Na yi aiki da su, suna da kyau ƙwarai. Amma ba koyaushe suke kusa ba, kunne kuwa da shi ka zo."

Ismaghil yana tsakiyarsu yana riƙe da rulmar a cinya, naɗe a tsumma, kamar mai ɗauke da ƙwai.

Hantsi ya dubi ludayi suka isa. Mahaifiyarsa Dassin ta fito daga bukkar tabarmi ta tarbe su, tsohuwa doguwa, baƙin mayafinta ya rina mata goshi. Tun rasuwar mijinta ba ta yarda ta bar garkar ba. Ta shimfiɗa musu tabarma a gindin dabino, ta ɗora shayi. Muktari ya tuɓe riga ya shiga aiki, Injiniya Balki tana tsaye a kansa har ya ɗaure rulmar ta huɗu ya mayar da igiya.

Sannan ta ɗauki ɗan kofin shayinta, rabinsa a cike, ta ajiye a kan ƙarfen da ya riƙe pulin. Ta buɗe jaka ta fito da sandar. Ismaghil ya daɗe yana jin labarinta, yau ya gan ta: ƙarfe ne siriri kamar kamu ɗaya, da ɗan dunƙulen itace a kai wanda hannu ya cinye har yana sheƙi. Ta ɗora bakin sandar a gidan rulma, ta manna dunƙulen a ƙashin bayan kunnenta, ta rufe ido.

"Tayar."

Ismaghil ya ja, inji ya kama. Kofin ya fara rawa, shayin yana tsalle, sai ga shi yana tafiya da kansa zuwa bakin ƙarfen. Ta tare shi da hannun hagu ba tare da ta buɗe ido ba. Ta matsar da sandar jikin inji, ta matsar jikin pompo, ta dawo da ita inda ta fara. Leɓenta yana motsi kamar mai ƙirga. Duka ba a yi minti ɗaya ba ta ɗaga hannu.

"Kashe!"

Shiru ya sauka a garkar. Ruwan da ya fara leƙowa bakin tiyo ya koma.

"Inji lafiya," ta ce. "Pompo lafiya. Muktari, hannunka ma lafiya."

"Ka ji ko, direba? A gaban shaidu!"

"Amma akwai abin da ke duka sau ɗaya a kowane zagaye. Ba biyu ba, ɗaya. Cire mini igiyar."

Aka cire, puli ya zama ba abin da ke riƙe da shi. Ta tura shi da hannu, ya yi ta juyawa, ya rage gudu, ya ɗan yi gaba ya dawo baya, ya tsaya. Ta ɗauko alli ta yi ɗan layi a can ƙasansa. Ta sake turawa. Kowa ya zuba ido. Ya juya, ya juya, ya yi lilo, ya tsaya, layin allin yana ƙasa. Ta ce Ismaghil ya tura da kansa, da ƙarfi. Ya tura. Layin ya dawo ƙasa. Sau huɗu ana yi, sau huɗu yana komawa wuri ɗaya, kamar raƙumin da ya san gida.

"Gefen da ya fi nauyi shi ke sauka," in ji ta a hankali. "Ba wani abu ba ne."

Ta durƙusa, ta zura hannu ta bayan pulin, wajen da ke fuskantar bangon rijiya, cikin kwarmin bakinsa daidai layin allin. Ta daɗe tana shafawa. Ta karɓi tsumma ta goge baƙin mai da ƙasar da suka daskare, sannan ta kira Ismaghil ya leƙa. Laya ce, mai gidan fata da tagulla, girmanta bai wuce tafin hannun jariri ba, an ɗaure ta tam da waya ta cikin hudojin pulin. Ya gane ta nan take. Tun yana ƙarami yake ganinta rataye a jikin tsohon kwarkwaron itace na bakin rijiya, wanda sa ke ja ya ɗago guga.

"Anna," ya kira mahaifiyarsa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Dassin ta riga ta taso. Ta yi magana da Hausarta ta mutanen dutse, a gajarce.

"Ni na sa. Gara ta ci itacen rijiya, kai ka sauke shi ka tafi kasuwa. Layar ubanka shekara arba'in tana kan abin da ke ɗago ruwa. In bar ta a ƙasa? Wannan ke ɗago ruwa yanzu. Na sa ta nan."

Ismaghil ya lissafa a zuci. Wata biyar da 'yan kwanaki da ya sauke itacen.

Muktari ya riga ya ɗauko abin yankan waya. "To ai magana ta ƙare. Minti ɗaya, Inna, mu rataye ta a dabino."

"Dabino ke ɗago ruwa?" Ta matso ta tsaya tsakaninsa da pulin. "Rijiyoyi uku sun ƙafe a korin nan. Tamu ba ta ƙafe ba. Ba mai taɓa ta ina raye."

Ismaghil ya dubi albasar da ta kwanta, ya dubi mahaifiyarsa. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, ba kuma yau zai fara ba a gaban baƙi. Amma ya ga kofin shayi yana tafiya da idonsa, ya kuma san babu rulma ta biyar.

"Muktari, ajiye wannan," in ji Injiniya Balki. "Inna, zo mu zauna, shayinmu yana hucewa."

Suka koma tabarma. Ta zaro mazari ɗaya daga jaka, wanda ta ce na kakarta ne, ta kafa tsininsa a cikin tiren shayi, ta murza. Ya tsaya cak yana juyawa, har mutum ya rantse ba ya motsi. Dassin ta gyaɗa kai, ta san wannan, uwarta ta yi kaɗi. Sai Injiniya ta gutsuri ɗan naman dabino, bai kai ƙwayar wake ba, ta manna a gefe ɗaya na gululun, ta sake murzawa. Mazarin ya yi tangaɗi, ya buga gefen tire, ya faɗi.

"Layar Baba ba ta fi ƙwan kaza nauyi ba," ta ce. "Amma pulin nan yana zagaye dubu ɗaya da ɗari takwas a minti ɗaya. A wannan gudun, abin da bai fi ƙwai ba yakan ja kamar nauyin Muktari gaba ɗayansa. Ya ja sama, ya ja ƙasa, ya ja gabas, ya ja yamma, kafin ki ƙifta ido ya yi sau goma. Duk rulma ke ɗauka."

"Nauyina?" in ji Muktari. "Kafin abinci ko bayan abinci?"

Ba wanda ya yi dariya sai Injiniya. Ismaghil yana kallon pulin da ke tsaye shiru a rana. Shekara uku yana shafa masa mai, bai taɓa sanin irin ƙarfin da ke cikinsa ba.

Dassin ta ce, "Ba zan cire ba."

"Ban ce ki cire ba, Inna. Duba."

Ta sake gutsurar dabino daidai na farko, ta manna a ɗaya gefen gululun, suna fuskantar juna. Ta murza. Mazarin ya miƙe ya tsaya cak, da kayansa biyu, yana juyawa ba sauti.

Tsohuwa ta daɗe tana kallonsa har ya gaji ya kwanta. Muktari ya fara zazzage akwatinsa yana neman guntayen ƙarfe. Dassin ta ɗaga masa hannu. Ta jawo bakin mayafinta daga bayan kafaɗa. A nan akwai ɗan makullin ado na ƙarfe da tagulla, irin wanda matan Abzinawa ke ɗaurewa a gefen mayafi don kada iska ta kwashe shi. Ta kwance ƙullin da haƙori, ta ɗora shi a tafin Injiniya Balki.

"Mijina ne ya sa aka ƙera mini, shekarar da muka haƙa rijiyar. Ba tarkacen gareji za a sa gaban layarsa ba."

Injiniya ta auna shi a hannu, ta ce, "Ya kusa."

Aikin ya ɗauke su har azahar, don ba ta san gaggawa ba. Ta ja zare daga layar ta tsakiyar pulin zuwa ɗaya bakin, ta yi alama. Muktari ya kwantar da makullin cikin kwarmin, ya ɗaure. Aka tura, layin alli ya sauka ƙasa, amma a hankali, kamar mai shawara. Ta ce a ƙara waya zagaye uku. Aka tura, makullin ya sauka. Ta ce a rage ɗaya. Aka rage, aka tura, ya tsaya layin yana gefen dama. Aka sake, ya tsaya layin yana sama. Aka sake, ya tsaya wani wuri dabam. Sai da aka yi sau bakwai, kowane karo da inda ya ga dama, sannan ta bi ɗaurin biyu da kanta ta ƙara matse su, ta ce a mayar da igiya.

Ta cika kofin shayi har baki, ta ajiye inda ta ajiye na farko. Ta ɗora sandar, ta rufe ido.

"Tayar, Malam Ismaghil."

Ya yi bisimilla ya ja. Inji ya kama. Kofin bai motsa ba. 'Yan zobba ƙanana ne kawai ke wasa a fuskar shayin, ko ɗigo bai zuba ba. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, ba ta ɗaga hannu ba. Tiyo ya yi tari, ya yi tari, sai ruwa ya ɓarke, ya cika kwarin farko, ya kama hanyar albasa yana tura busassun ganye a gabansa.

Ta buɗe ido ta miƙa wa Ismaghil sandar. Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ta gyara masa dunƙulen a bayan kunne. Da farko ƙara kawai ya ji. Can sai ƙarar ta rabu gida-gida: bugun inji daban, shan ruwan pompo daban, a ƙarƙashinsu kuma wani sauti siriri, miƙaƙƙe, ba gargada.

"Ita ce rulmar," in ji ta. "Ka riƙe wannan muryar. Ranar da ta canza, ka kashe ka neme ni."

Ya gyaɗa kai, sandar tana manne a kunnensa. Dassin ta riga ta ɗauki fartanya ta bi ruwan, tana buɗe masa bakin fangali ɗaya bayan ɗaya, hannunta ɗaya dafe da mayafi don iska ta fara ɗaga shi.